Mun Ƙi Rigar Leda

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Mama? Ya yara da babansu? Ni lafiyata ƙalau, tsayuwar guga ce kawai take kumbura min ƙafa, amma kada Mama ta ji.

Albishirinki! Hutun nan mun je babban ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, wanda ake nunawa a talabijin, ni da Doguwa, abokiyar aikina a gidan wanki, da ƙawayenta. Muka ci ado, kaya sun sha guga har suna ƙyalli. A ƙofa aka miƙo mana rigunan leda saboda feshin ruwa, Doguwa ta ce, "Mu rufe wannan gugar? Allah ya kiyaye, a ɓata mana hoto!"

Yaya, kafin mu kai gadar igiyar da ke gaban ruwan mun jiƙe sharkaf, kwalli ya gangaro har haɓa. Kin san ni, ko tsani ban iya hawa ba. Gada na lilo, amma wallahi na ƙetare! A tsakiya na tsaya na kurma ihu. Duk baƙin cikin da nake haɗiyewa tun zuwana garin nan na amayar, ƙarar ruwa ta rufa min asiri.

Don Allah ki aiko min da man zafi. Ga hoto nan, ki kai wa Kawu, shi da ya ce tsoro zai koro ni gida. Jiƙaƙƙiyar nan ta gaba mai dariya, ki ce masa ni ce.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta