Takalmin da Bai Zo Ba

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Mama tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi. Baba ma lafiya.

Yaya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Mako uku ke nan da makaranta ta tura mu wurin kamfanin da ke gina bene mai hawa uku, kuma har yau ba a ba ni wayar wuta na taɓa ba. Kullum na dawo Mama takan tambaye ni aiki, in ce mata lafiya lau. Ita kuma ta bi maƙwabta tana cewa autarta ta kusa haɗa wa gidan wuta. Ke kika yi ta lallashin Baba har ya sa hannu a takardar amincewa in koyi aikin wuta, shi ya sa ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Mu goma sha biyu ne, ni kaɗai ce mace. An ba kowa littafin aiki. Duk aikin da ka yi da hannunka Oga, wato shugaban masu haɗa wuta, zai sa maka hannu. Bayan mako takwas kamfani zai duba littattafan ya ɗauki mutum huɗu su ci gaba da koyo. Nawa littafin fari fat, in ban da sunana.

Dalilin kuwa takalmi ne. Dokarsu ba a hawa bene sai da takalmin aiki mai ƙarfe a goshi, mafi ƙanƙantar da suke da shi kuma ƙafafuna biyu za su shiga ɗaya. Oga ya ce an aika a kawo daidai ni, kafin nan in zauna a sito ina miƙa filaya da salatif. Amma ranar farko sun samo mini wani ƙaton takalmi don a ɗauke ni hoto. Sun cusa takarda a ciki, suka kifa mini hular kwano, suka ba ni sukudireba na riƙe, mai hoto yana cewa, “Ƙanwata, ɗan yi dariya mana, ba makoki muka zo ba.” Ana gamawa aka karɓe takalmin. Hoton yana nan yanzu a ƙofar makaranta, ya fi ni tsawo. Yaran ajinmu suna ce mini Injiniyar Hoto. Birkiloli ma sun ɗauka. In na wuce sai su ce a kauce kada siminti ya ɓata wa injiniya kwalliya.

Kin san ni, bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane. Murmushi nake yi, na koma sito na yi ta lanƙwasa guntayen waya.

Testar gwada wuta da kika saya mini tana cikin jakata. Ki shafa mini kan jaririya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki. Kin ce in je in sami shugaban makaranta. Na je har bakin ofishinsa sau biyu, na ji muryarsa, na juyo.

Wani abu na yi maimakon haka, kada ki yi mini faɗa. Da tsakar rana kowa yakan fita cin abinci awa guda. Rannan na hau hawa na biyu da silifas ɗina, don kawai in gani. Ba a haɗa wuta a ginin ba tukuna, amma duk da haka na sa testa kafin na taɓa komai, kamar yadda Malamin Sana’a ya koya mana. Sai na buɗe wani soket da Dogo ya ɗaura. Dogo shi ne babba a ajinmu, surutunsa ya fi aikinsa. Yaya, da na ja wayar da yatsa biyu sai ta zame. Ya naɗa ta a kan sukuru ta hagu, alhali ta dama ake naɗawa, yadda in ka ɗaure sukurun zai ƙara jan ta ciki. Ya kuma yanke ta ƙut, babu rara.

Na kasa barin ta haka. Na gyara, na bar ɗan tsawo na naɗe shi a cikin akwatin kamar dodon koɗi, don wanda zai zo gyara nan gaba ya samu abin kamawa. Malam ya nuna mana wannan sau ɗaya a aji, ban ga wanda ya riƙe ba. Washegari na koma. Cikin kwana tara na gama ɗakuna biyar. Awar nan guda ita ce kaɗai nake jin ni mutum ce a wurin.

Jiya babbar injiniyar kamfani ta zo dubawa. Mace ce, Yaya, da takalmi daidai ƙafarta. Na ɗauko mata ruwa, ina tsaye a ƙasan matakala ina jin komai. Ta buɗe soket uku a hawa na biyu, ta ce wannan hannun ya san abin da yake yi, wa ya yi? Sai Dogo ya ce ai ɗakunansa ne. Bai yi ƙarya duka ba, ɗakunansa ne. Ta ce a sa masa hannu.

Da ta sauko ta karɓi ruwan, ta ce au, ni ce ta hoton? Ta ce in dage, suna alfahari da ni. Na so in gaya mata aikin nawa ne. Na ce mata na gode.

Ba Dogo nake jin haushi ba sosai, kaina nake ji.

Ki gaida maigida.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Ina yi miki sallama, da fatan haƙoran jaririya sun daina ba ku wahala. Mu duk lafiya.

An fitar da sunaye. Dogo ne na biyu. Babu nawa.

Kafin a fitar na yi abin da kika ce, na buɗe baki. Na sami Oga shi kaɗai a sito, na ce masa aikin hawa na biyu nawa ne. Na ɗauka zai ƙaryata ni. Ko kaɗan. Ya ce ya sani tun rana ta uku, ya ga sawun silifas a cikin ƙurar siminti, kuma shekara ashirin yana wannan aiki, ya san Dogo ko igiyar shanya ba zai ɗaura da kyau ba. Na miƙa masa littafina. Bai karɓa ba. Ya ce, “’Yata, in na sa miki hannu, na rubuta da alƙalamina ke nan cewa na bar yarinya ta hau bene ba takalmi. Ni za a kora, ina da iyali.” Ya ce in yi haƙuri, baɗi ma shekara ce. Wato ya gani, ya bar ni na gama masa ɗakuna biyar, sannan ya tuna da doka.

Ban yi kuka a gabansa ba. Wannan kaɗai na tsira da shi.

Ga abin dariya. Ranar Asabar za a yi taron raba takardun shaida, manyan kamfani za su zo. Shugaban makaranta ya aiko a gaya mini in zo da wuri, ni zan tsaya a gaba. Kuma takalmin ya iso, jiya, sabo cikin kwali, daidai ƙafata. Na gwada shi a sito. Yaya, ya zauna mini kamar an auna. Na yi taku uku, na cire, na mayar cikin kwalin, na ɗora hular kwano a kai na ajiye a kan benci. In suna son hoto, ga su nan su ɗauka.

Kin tuna tsohon nan mai gyaran fanka da dutsen guga a kwanar layinmu, wanda idonsa ya fara rauni? Na tsaya a shagonsa a hanyar dawowa. Na ciro testata na nuna masa. Ya tura mini wata fanka da ta ƙi juyawa, ya zauna yana kallon hannuna. Da ta tashi, ya sa yatsa ya ja wayar, ba ta zame ba. Ya ce in riƙa zuwa bayan makaranta, in Baba ya yarda.

Na gaya wa Mama gaskiya jiya. Baba zan gaya masa yau da kaina, ba sai kin yi mini magana ba. In ya amince, ranar Asabar da safe can zan tafi, da silifas ɗina.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta