Gonar Efraín a Ƙarƙashin Ruwa

Tsibirin Cozumel, 9 ga Agusta

Zuwa ga surukata, Mama Eulalia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa maganin shan sa kike yi, ba tura shi ƙarƙashin filo ba kamar yadda kika saba.

Na ji daɗi da kika ce za ki zo a farkon Nuwamba, ranar tunawa da matattu, ki ga gonar ɗanki. Tun rasuwar Efraín ba ki yarda kin kalli teku ba, na san wannan alkawari ba ƙaramin abu ba ne a wurinki. Ba sai kin shiga ruwa ba. Don Abundio, tsohon da ke tuƙa mu, zai ɗauke ki a jirgin ruwa mai gindin gilashi, ki leƙa daga sama. Rassan murjani mai rai arba'in ɗin da Efraín ya dasa da hannunsa a ƙarƙashin teku, bayan wani otal, duk sun kama, wasu har sun wuce kamu ɗaya.

Abu guda ke damuna, ruwan ya yi ɗumi da yawa. Baƙin da nake kaiwa nutso sai murna suke, teku a kwance, ba sai sun sa rigar roba ba. Don Abundio ya tsoma hannu ya ce, “Nayeli, wannan ai romo ne. Gishiri ya ji, kaza kawai ta rage.” Na yi dariya, amma murjani ba ya jure zafi.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Nayeli

27 ga Satumba

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi.

Gonar ta fara fari. Shekaranjiya wata baƙuwa ta fito daga ruwa tana washe baki, wai, “Kai, fararen nan sun fi kyau! Ku kuke wanke su?” Da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina. Farin nan ciwo ne, Mama. In ruwa ya huce da wuri za su farfaɗo, in bai huce ba shi ke nan.

Abin da ke sanyaya ruwan nan kuwa kin san shi: iskar arewa, wadda ta kifar da jirgin Efraín. Dole in faɗa miki abin da na yi, don ya tsaya mini a rai. Ranar Lahadi na kunna kyandir a coci, na durƙusa na roƙi Allah ya turo ta. Ni da ko sunanta ba na son ji.

Don Abundio ya kama ni ina kallon arewa, ya ce, “Ke ma ita kike jira ko? Daina sunkuyar da kai, 'yata. Ni da na tsamo gawar mijinki da hannuna ma ita nake jira.”

Ki yafe mini in na ɓata miki.

Taki,
Nayeli

25 ga Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Na ga amsarki, na karanta har takardar ta yi laushi. Ashe ke ma kin kunna naki kyandir ɗin.

Iskar ta zo. Kwana huɗu aka rufe tashar jiragen, baƙi suna zaune suna karta suna ƙorafin an ɓata musu hutu. Ni kuwa na tsaya a bakin gaɓa iskar tana dukan fuskata, ban san ko gode mata zan yi ko zagin ta ba.

A rana ta biyar muka fita. Ruwan ya yi sanyi daidai yadda na roƙa. Na sauka na bi rassan ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Gansakuka ta riga ta rufe su duka arba'in ɗin, sun mutu. Na taɓa na farkon da Efraín ya dasa, ya karye a hannuna. Da na hau jirgi Don Abundio ya miƙo mini tawul ya tada inji.

Wata biyu nake faɗa wa kaina cewa domin ke nake tsaron gonar nan. Ƙarya nake. Muddin tana raye, kullum da safe ina da inda zan je in same shi. Yanzu ne ya mutu mini, Mama, kuma ni kaɗai ce a nan.

Babu gonar da zan nuna miki. Amma don Allah kada ki fasa tafiyar. Zan jira ki a tashar jirgin fito ranar ɗaya ga wata.

'Yarki,
Nayeli