A Bar Ramla Ta Koma Aji Da Nafkin Ɗinta

Zuwa ga Hajiya,
Mai makarantar reno da firamare ta unguwarmu,
Azare.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da iyali da malamai da duk yaran da Allah ya danƙa amanarsu a hannunki.

Ni ne Sa'idu mai gyaran keken ɗinki a kasuwa, mahaifin Ramlatu ta ajin reno, yarinyar nan mai tafiya da sanduna. Ban kira sunanki ko na makarantarki a nan ba, domin ba tozarci ne ya sa na ɗauki biro ba. Na yi ta zuwa ofishinki ana ce min kin yi tafiya, na bar saƙo a baki amsa ba ta zo ba. Sannan na ji cewa dokar da ta fitar da 'yata daga aji ta fara yaɗuwa zuwa wasu makarantu na cikin gari. Shi ya sa na rubuta a fili, ko wani uba mai irin damuwata zai samu abin faɗa.

Na farko, alherinki. Ba zan fara da kuka ba alhali akwai godiya a bakina. Kafin mu zo wurinki an mayar da mu daga wasu makarantu, wani wurin ma ko zama ba a ce mu yi ba, sandunanta kawai aka kalla. Ke kuwa tasowa kika yi daga kujerarki, kika durƙusa a gabanta, kika tambaye ta sunanta. Ta faɗa miki, ta ƙara da na uwarta da na akuyarmu. Kika yi dariya kika ce, "Malam, mai irin wannan bakin ai ba ta zaman gida ba ce. Ku kawo ta Litinin." Ranar nan uwarta Hadiza ta yi kukan farin ciki a hanya har muka isa gida. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Na biyu, ina so ki san yadda aka yi muka zaɓi nafkin na yadi, wanda ake wankewa a sake sawa, domin na ji ana cewa rowa ce ko ƙauyanci.

An haifi Ramla da ƙari a gadon baya. Aka yi mata aiki tana jaririya, Allah ya raya mana ita. Amma likitoci sun gaya mana gaskiya tun lokacin: ba za ta iya riƙe fitsari kamar sauran yara ba, kuma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin ciwo sosai. Wani jaririn in ƙunzugu ya dame shi sai ya tsala ihu, uwa ta duba. Ramla dariya take yi.

Da farko ƙunzugun kanti muke sa mata, na yarwa, kamar kowa. Sai bazara ta shigo, kin dai san zafin Azare a wannan lokaci. Robar da ke gefen ƙunzugun ta riƙa cin matsematsinta, fatar ta yi ja, ta saɓule, yarinya tana ta wasanta. Muka shafa mai, muka sauya iri, abu ya ƙi. Kafin mu ankara ya zama gyambo mai ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, sai gadon asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mana kada mu bar danshi ya daɗe a jikinta, mu riƙa sauya mata da wuri, kuma fatar ta riƙa shan iska.

Surukata ce ta zo daga Jama'are duba jikar, ta tarar da mu cikin wannan hali. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ciro wani tsohon farin zanenta da ya sha wanki har ya yi laushi kamar auduga, ta yayyaga shi, ta ninke, ta ɗaura wa yarinya. Ta dube ni ta ce, "Kai ma da tsumma aka rene ka, ga ka nan har da gemu." Da wannan tsumman gyambon ya fara kamewa.

Daga nan Hadiza ta karɓi aikin. Akwai wani tsohon keke da na gyara mai shi bai dawo ba sai ya ce na riƙe, shi ta hau. Ta lalata yadi ba kaɗan ba kafin hannunta ya faɗa. Yanzu abin da take ɗinkawa hawa uku ne: farin yadi mai laushi a jikin fata, tawul a tsakiya don shan ruwa, sai yadin lema a waje don kada ya ɗiga, da maɓallai a gefe da ake matsawa ko sassautawa. Mama Chinedu, mai sayar da yadi a layin da ke bayan rumfata, ita ke zaɓa mana tawul. In sabon kaya ya zo sai ta ware mafi laushi ta tura ƙarƙashin tebur, in wani ya taya ta ce, "Wannan na 'yata ne, ba na sayarwa ba." Tun Ramla tana goye take kiranta 'yata.

Wankin kuwa ni nake yi, ba na jin kunyar faɗa. Hadiza tana da ciwon baya tun haihuwar, durƙuso mai tsawo yana wahalar da ita. In na dawo daga masallacin asuba sai na ɗora ruwa, na ɗauraye, na wanke da sabulu da ruwan zafi, na shanya a igiyar tsakar gida inda rana ke fara sauka. Abokai sun yi min tsiya a majalisa har sun gaji. Da Ramla ta yi wayo sai ta riƙa zama kusa da ni a kan 'yar kujera, tana miƙo min ɗaya bayan ɗaya ina shanyawa. A kan nafkin ɗin nan ta koyi ƙirga, tun kafin ta ga allo. Har suna ta raɗa musu: akwai mai fure, akwai na Juma'a, akwai wanda take kira tsoho saboda shi ne ragowar zanen kakarta.

Ban ce ƙunzugun kanti abin ƙi ba ne, ranki ya daɗe. Uwar da ke fita aiki tun safe, ko gidan da ruwa ke musu wuya, sun fi ni sanin abin da ya dace da su. Ni dai na san fatar 'yata. Ga shi yanzu tana shekara biyar, na jarirai ya yi mata kaɗan, yana matse ta, na manya kuma ya yi mata yawa, yana zuba ta gefe. Wanda uwarta ta auna ta ɗinka shi kaɗai ke zama a jikinta daidai.

Na uku, abin da ya faru. Zangon farko lafiya lau muka yi shi. Baba Talatu mai kula da yara ita ke sauya mata lokacin tara da kuma kafin tashi, ta sa wanda aka cire a jaka mai zif da muka tanada, ta rufe, mu karɓa da rana. Ba ta taɓa yi mana ƙorafi ba. Mun sha tambayarta ko abin ya yi mata nauyi, sai ta ce jikokinta ma haka take musu.

Da aka dawo hutu sai aka aiko mana cewa daga yanzu duk yaron da ke sa ƙunzugu dole ya zo da na yarwa, wai wasu iyaye sun koka a taron iyaye da malamai cewa ana ajiye ƙazanta a jaka cikin aji. Ban samu halartar taron ba, kuma ba wanda ya neme ni ya ji ta bakina, alhali duk ajin Ramla kaɗai ke zuwa da nafkin. Duk da haka muka bi doka, don ba ma son a ce mun raina makaranta. Ba a yi mako guda ba jan nan ya dawo a daidai tsohon tabon. Hadiza ta kira ni ɗaki ta nuna min. Wanda ya taɓa kwana a gaban gadon ɗansa a asibiti ba ya jiran gani na biyu. Muka mayar wa Ramla da nafkin ɗinta, na rubuta 'yar takarda na ba ta ta kai wa malamar aji, na bayyana dalili.

Ranar Talata da ta biyo baya, sabuwar malamar da aka kawo ajin a wannan zangon ta buɗe jakar Ramla a gaban yara, ta ɗaga nafkin da yatsu biyu, ta ce wa ya ce a sake kawo wannan. Wankakke ne, Hajiya, ninkakke, ko sa shi ba a yi ba. Yara suka kwashe da dariya, wasu suka toshe hanci, don yaro abin da ya ga babba ya yi shi yake yi. Aka aiko a kira ni daga kasuwa. Na tarar da Ramla zaune a benci wajen maigadi, ta rungume jakar, sandunanta a ƙasa. Malamar ta ce min ita umarni take bi, sai mun koma na yarwa sannan yarinya ta dawo.

Na ɗora Ramla a babur muka kama hanya. Ba ta yi kuka ba. Mun kusa gida ta jawo rigata ta baya ta ce, "Baba, wari nake yi?"

Na tsaya a gefen titi na sauke ta, na ɗauke ta, na sunsuni wuyanta na ce ƙamshin sabulu take yi. Ta ce to me ya sa Amira ta toshe hanci. Amira ƙawarta ce, tare suke cin abincin tara. Na mayar da ita kan babur muka ƙarasa gida.

Tun ranar Ramla tana gida. Abin da ya fi ci min rai shi ne ta daina fitowa shanya. In na kira ta sai ta ce na shanya a bayan ɗaki, kada mutane su gani. Yarinyar da ba ta taɓa sanin akwai abin kunya a jikinta ba, a makaranta aka koya mata.

Na huɗu, maganar tsafta. Iyayen da suka koka ba maƙiyana ba ne, 'ya'yansu suke karewa, kuma ni ma da na ji ana ajiye ƙazanta kusa da ɗana zan yi magana. Amma a duba gaskiyar abin. Nafkin ɗin Ramla a rufe yake shiga, a rufe yake fita, kuma ko awa biyu ba ya ƙarawa a makaranta bayan an cire shi. Na yarwa kuwa, ina roƙonki ki zaga bayan katangar makaranta da ƙafarki. Nan ake zubar da su. Awaki suna ja, kaji suna tona, in ruwan sama ya sauka su toshe kwata, in an gaji a cinna musu wuta hayaƙin ya shigo ajujuwa ta taga. Idan tsafta ake nema, ba daga jakar 'yata ya kamata a fara ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma roƙo ne, ba umarni ba.

A sassauta dokar nan, a bar iyaye su zaɓi abin da ya dace da jikin 'ya'yansu, da sharaɗin su kiyaye tsafta. Ni na ɗauki nauyin kawo bokiti mai murfi da za a ajiye a bayi, ba a aji ba, da safar hannu da sabulu don Baba Talatu. In kuma makaranta tana ganin aikin ya yi wa ma'aikatanta yawa, Hadiza ta ce za ta riƙa zuwa da kanta lokacin tara ta sauya mata, gidanmu ba nisa.

Ba na neman a kori malamar, ko a ci mata fuska. Yarinya ce, wataƙila ba ta taɓa renon mai lalura ba. A zaunar da ita a fahimtar da ita. Abin da nake so shi ne wadda ta ɗaga nafkin ɗin a gaban yara, ita za ta tsaya a gaban yaran nan ya ce musu Ramla ba ta da ƙazanta. Daga bakina ba za su yarda ba, ita ma Ramla ba ta gama yarda ba, tana ganin don ni babanta ne.

Sannan in za a sake yin wata doka da ta shafi yaro guda a aji, a kira iyayensa tukuna a ji daga gare su.

Ɗazu ina wannan rubutu a zaure Ramla ta rarrafo ta leƙa, ta tambaye ni wa nake rubuta wa. Na ce Hajiyar makarantarku. Ta ce na gaishe ki, kuma na gaya miki kujerarta ita ce ta kusa da taga, mai ɗan karyayyen hannu, kada a ba wani, za ta dawo. Na ce mata zan faɗa. To ga shi na isar.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarki, ya ɗaukaka makarantarki. Yadda kika taɓa durƙusawa don ɗiyar wani, Allah ya haɗa naki da masu tausaya musu a duk inda suka shiga. Ya sa ki karanta wannan da zuciyar uwa.

Wassalam.

Sa'idu mai gyaran keken ɗinki,
Baban Ramla,
Azare.