Ranar da Malam Ya Daskare a Talabijin

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ina fatan kai da Anti Rabi da yara kuna lafiya.

Ƙaninmu Sani ya cire wa Baba dish, ya kawo 'yar na'ura mai cin data, wai ita ake yayi. Ka dai san sabis ɗin Ruwan Bago. Ran Juma'a maƙwabta suka taru kallon tafsiri. Malam na buɗe baki hoto ya tsaya cak, har aka kira la'asar. Baba ya ce, "Sani, kashe abin nan, bawan Allah ya rufe bakinsa."

Takaici ya ishe ni, wallahi. Maƙwabta sun daina zuwa, Baba sai zaman shiru.

Don Allah ka kira Sani, maganarka kaɗai yake ji. A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza