Shuɗiyar Mota da Babur ɗin Babanki

Fort Portal,
Watan Satumba.

Zuwa ga 'yata Kemigisa, Atwooki tawa,

Ina gaishe ki da gaisuwar uwa wadda ta daɗe ba ta sa 'yarta a ido ba. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Tumwine da jikata Kansiime. Allah ya tsare ku daga sanyin Kanada, ya sa albarka a aikinki na jinya, ya ba ki haƙurin zama da marasa lafiyar da ba su iya ko faɗin sunanki daidai ba. Mu nan gida muna lafiya. Damina ta sauka da ƙarfi, ayaba ta yi kyau har ta fi ƙarfin cinmu. Babanki Araali yana samun sauƙi sannu a hankali. Ƙafar hagun ta fara ɗaukarsa, yana dogara sanda ya kai bakin baranda ya dawo. Hannun ne dai har yanzu yake kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, maganar kuma tana fita ɗaya ɗaya, sai ya yi fama kafin ya kamo kalmar da yake nema.

Na san yayanki Kasaija ya riga ya kira ki ya ce uwarku ta zautu. Shi ya sa na zauna na rubuta miki da hannuna. A waya ba na iya sakin baki, don da babanki ya ji muryarki sai ya matso ya kafa kunne, ciwon nan kuwa bai taɓa masa ji ba ko kaɗan. Tun da ke da Tumwine kuka ce za ku saya mana mota, mu zaɓi wadda muke so, gidan nan bai huta da magana ba. Bari in faɗa miki yadda abin ya kasance tun daga farko.

Kin san ba mu taɓa mallakar mota ba. A kan babur babanki ya yi duk aikinsa na duba shanun mutane, a kansa ya kai ni asibiti ina naƙudarki, a kansa muke zuwa coci mu huɗu, ke a kan tanki kina riƙe da madubi, Kasaija a matse tsakaninmu yana ƙorafin ba ya ganin hanya. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, babur ɗin ya daɗe a jingine ƙarƙashin gwaiba, kaji suna kwana a kansa. Ran nan na gaji da roƙon 'yan acaba, na sa wandon babanki a ƙarƙashin rigata, na ce wa makanike Kyaligonza ya koya mini. Na faɗi a cikin wake, na faɗi a gaban makarantar firamare ana tashi, amma na iya. Yanzu in na wuce tashar 'yan acaba sai su hau tsokanata suna kiran sunana, "Abwooli, kasuwa za mu, ɗauke mu mana, Kaka!" Ni kuma in ce musu ba na ɗaukar wanda bai yi wanka ba. Da babur ɗin nake ɗauko tukunyar gas, da shi nake kai ayaba kasuwa. In ruwa ya tare ni a hanya in fake a rumfar masu gasa masara har ya ɗauke. Ranar ganin likita kuwa sai mu nemi motar haya ta zo har ƙofa.

Duk wannan ba ya damuna, Atwooki. Abin da yake ci mini rai shi ne lokacin da zan tayar da babur ɗin da safe. Babanki yana zaune a baranda, da ya ji ƙarar injin sai ya juya fuskarsa bango, ba ya waiwayowa har in fita. Sau ɗaya na gwada ɗora shi a baya. Da yake hannun ba ya riƙo, sai na ɗauko zane zan ɗaure shi a jikina kamar goyo. Ya buge mini hannu ya ce, "A'a." Tun da ya kwanta ban ji kalmar da ta fita sarai kamar wannan ba. Na mayar da zanen ɗaki, ban sake tayar da zancen ba.

To, a watan jiya na kai babur wajen Kyaligonza ya ɗaure mini sarƙa, sai na ga wani abu lulluɓe da tamfol a bayan garejinsa. Na ɗaga gefe na leƙa. Wata 'yar mota ce shuɗiya, irin ta tsere, gajeriya har ba ta kai mini ƙugu ba, kujera biyu kacal, rufinta na yadi ana naɗe shi baya ta zama buɗaɗɗiya. Ya ce ta Mista Vadgama ce, manajan wata gonar shayi, ya ajiye aiki zai koma wurin 'ya'yansa a Ingila, yana neman mai saye. Da ya ga na tsaya ina shafa ta sai ya yi dariya ya ce, "Abwooli, wannan ba ta masu jikoki ba ce. In kin shiga, sai an kira mutum biyu su zaro ki." Na ce masa ya buɗe mini ƙofa ya daina surutu. Na zauna, na kama sitiyari, na ɗaga kai na ga sama a buɗe. Nan take babanki ya faɗo mini a rai. Na ce ga babur mai kujera, wanda mutum ba ya bukatar hannu biyu kafin ya zauna a kansa.

Na je har gida na sami Mista Vadgama, na faɗa masa halin da muke ciki. Dattijo ne mai kirki, ashe ma babanki ya taɓa duba masa kare. Ya tambaye ni ko na iya tuƙi, na ce shekara nawa na yi ina jan motar asibitin mishan lokacin da nake aikin ungozoma. Ya miƙo mini makulli ya ce in gwada ta ran Lahadi bayan coci, shi sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ɗora mata ayaba.

Shigar da babanki cikinta aiki ne. Kyaligonza ya riƙe shi ta hammata, ni na ɗaga ƙafar, shi kuwa ya haɗe rai kamar za a kai shi allura. Na ɗaura masa bel, na gyara masa hannun a cinya. Mota ta mutu mini har sau biyu kafin mu fita gari, yara suna ta dariya. Amma da muka hau kwaltar Kyenjojo, gonakin shayi suka buɗe dama da hagu, na sa giya ta gaba, sai motar nan ta miƙe kamar dama jira take. Iska ta fizge masa hula ta yi gaba da ita. Na taka birki zan tsaya, ya girgiza kai. Can sai na ga ya ɗaga hannunsa na dama sama da gilashi, ya buɗe tafin, iska tana tura shi baya yana mayar da shi. Ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya sake cewa, "Ƙara." Ni da na yi shekara talatin da wani abu ina mintsininsa a haƙarƙari don ya rage gudu, ga ni ina taka mota yana zuga ni. Muka wuce wani garken shanu masu dogayen ƙaho, ya nuna su ya faɗi sunan mai su cikakke, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Duk tafiye-tafiyen da muka yi da babanki, ƙeyarsa nake kallo. Na san bayan kunnensa, na san inda wuyan rigarsa yake fara tsufa, amma ban taɓa sanin yadda fuskarsa take ba in yana kan hanya. Ran nan na gani. Ashe murmushi yake yi da baki a buɗe kamar yaron da aka ba rake. Na riƙa satar kallonsa har na kusa sauka daga kwalta. Kuma kada ki ɗauka don shi kaɗai na so motar. Ni ma na so ta. Rabona da in ji jikina ba nauyi haka tun ina budurwa.

Da labari ya kai Kampala, Kasaija ya taso takanas da hoton wata doguwar mota mai kujeru bakwai a wayarsa. Ya ce hanyar gidanmu za ta farke cikin shuɗiyar tun damina ba ta ƙare ba. Ya ce in wani abu ya lalace sai an aika ƙasar waje. Ya ce, "Mama, ki dubi shekarunki. Matan coci za su gan ki kina yawo ba rufi kamar amaryar ɗan ƙwallo." Gwaggonki Nyakato ta ɗora da cewa ita dai ba ta taɓa ganin inda aka kai mara lafiya asibiti iska tana dukansa ba, kuma wa zai riƙa kai ta biki in kujera biyu ce. Na ce mata dama can ba ni nake kai ta ba. Na ce wa yayanki kaya aikin babur ne, ba zan sayar da shi ba, motar kuwa ta Lahadi ce, tawa da mijina. Ba ƙarya ya faɗa ba, na sani, amma na riga na yanke shawara. A fusace ya fita ya kira ki.

Washegari Mista Vadgama ya kawo motar don mu ƙarasa magana. Bai iya shigowa da ita layinmu ba saboda ramuka, sai ya tsaya a bakin babbar hanya. Na shiga ɗauko keken marasa lafiya da nake tura babanki a kai, kafin in fito ya sauka daga baranda da sandarsa. Da ƙafarsa ya taka har wurin, yana tsayawa yana hutawa, mu duka muna binsa a baya. Tun da ya kwanta bai taɓa yin nisa haka ba. Ya kewaye motar yana dafa ta, ya zo ya tsaya yana kallon bayan kujerun, inda ɗan wurin da ke nan ko jakar hannu da ƙyar zai ɗauka. Ya dube ni ya ce, "Atwooki?" Na ɗauka rikicewa ya yi, na ce masa tana Kanada mana, Araali, ba jiya kuka gaisa ba? Ya girgiza kai da haushi, ya bubbuga wurin da tafin hannunsa. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa har gumi ya keto masa, sannan ya ce, "Ina za ta zauna?" Ya sake bubbuga wurin, ya sauke hannu daidai gwiwarsa, tsayin Kansiime yake nufi, yarinyar da bai taɓa ɗauka ba.

Kasaija ya yi farat ya zaro waya ya ce ai shi ya sa ya kawo maganar mai kujeru bakwai. Babanki ya ture wayar da bayan hannu ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ta zo tukuna." Ya juya ya kama hanyar gida. Mista Vadgama ya cire tabarau yana gogewa, ya ce mini shi ma abin da zai mayar da shi Ingila ke nan, ba don yana son sanyi ba.

Wani saurayi daga Kampala ya saye ta a makon da ya biyo. Ina hanyar kasuwa na gan ta a bayan babbar mota an ɗaure ta da igiyoyi. Na tsaya a gefen titi da ayabata a baya har suka sha kwana. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwanaki ina jin haushin babanki, ina zuba masa shayi fuska a ɗaure. Yanzu ya wuce. Amma har yau in na bi ta garejin Kyaligonza sai na sami kaina ina rage gudu, ina leƙa wurin da take.

Don haka ga amsarmu, 'yata. Mun gode, ki miƙa wa Tumwine godiyarmu ta musamman, ba kowane suruki ne zai yi wannan tunani ba. Amma kada ku sayi mota, ƙarama ko babba. Babur yana isata. Abin da kuka tanada, ku yi kuɗin jirgi da shi. Na san ba ƙin zuwa kike yi ba, na san batun takardu da wuyar samun hutu, ban taɓa zarginki ba ko a zuciyata. Sai dai ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da likita yake nufi in ya ce a kula kada ciwon ya sake dawowa. Ba tsoratar da ke nake yi ba, yana cin abinci, yana barci, jiya ma har ya yi wa Nyakato dariya. Ina dai faɗa miki abin da idona yake gani.

Gwaggonki Nyakato tana gaishe ki, ta ce ki turo mata irin man ƙafar nan. Kasaija da matarsa suna gaisuwa, ya huce, har ya saya mini sabuwar hular kwano. Kyaligonza ya ce in gaishe da 'yar da take zama a kan tanki. Ki gaishe mini da Tumwine da kyau, ki rungume mini Kansiime, ki riƙa yi mata magana da harshenmu ko kaɗan ne, don kakanta ba shi da sauran ƙarfin neman kalmomin Turanci.

In za ki ba ni amsa, ba sai kin sa rana ba. Ki faɗi watan kawai, in sami abin da zan gaya masa.

Ubangiji ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Abwooli Kabahuma