Ƙyauren Ɗakin Malam Hamidu

Daga: Hafsatu Hamidu, malamar lakol (makarantar boko) mai ritaya, Tibiri

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Kafintoci da Masu Walda, Gidan Rumji

Kwanan wata: 23 ga Yuni, 2025

Game da: Ƙyauren ɗakin mahaifina, wanda kafinta Labo ya ɗauka gyara, yanzu kuma ake shan shayi a kansa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina a kan Malam Labo, kafinta, ɗan ƙungiyarku, kamar haka:

1. A watan Afrilun bana na soma gyaran gidanmu na gado, ginin ƙasa ne da ya girme ni. Mahaifina, Malam Hamidu, yana ciki. Ya tsufa, idonsa ya tafi, hankalinsa kuma yana zuwa yana komawa. Da hannu yake gane gidan. Ƙyauren ɗakinsa na itacen ƙirya ne mai ƙusoshin maƙera, kuma a gefensa akwai wurin da tafin hannunsa ya cinye tsawon shekaru. In ya dafa nan, ya san ya iso.

2. Ranar 6 ga Mayu na kira Labo, don ƙyauren ya fara jan ƙasa. Aikin da na ba shi bai wuce ya samo ƙarafan rataya masu ƙwari da sabuwar sakata ba. Na ce ko Maraɗi ce ya je, kada dai a kawo mini na gwangwani. Ya cire ƙyauren ya ɗora a amalanke, ya ce a shagonsa awo zai fi daidai.

3. Ranar 19 ga Mayu ya dawo da wata ƙofa daban, tana sheƙi, da mariƙi ruwan zinariya, da hoton zaki manne a jikinta. Ya sanar da ni cewa teku ta ƙetaro, kuma irinta ce a buro, wato ofishin manya. Da na tambayi namu ƙyauren, sai ya ce al'adar sana'a ce, abin da aka cire na mai aiki ne. Ranka ya daɗe, na san wannan al'ada. Magina sun kwashe tsoffin azarorin da suka fidda, ban ce musu uffan ba. Abin da ban sani ba shi ne ta haɗa har da abin da aka ba mutum gyara. In haka ne, ina roƙon a sanar da jama'a tun kafin wani ya kai wa tela rigarsa. Na bari ya kafa ƙofar ne kawai don ɗakin yana buɗe, damina kuma ta matso.

4. Ranar 11 ga Yuni aka yi ruwa. Ƙofar da ta ƙetaro teku ta sha yayyafin Tibiri, ta kumbura kamar burodi a shayi. Ashe garin katako ne aka matse aka shafe. Mariƙin zinariyar ya biyo hannun ƙanena Lurwanu. Zakin dai yana nan lafiya.

5. Lurwanu ya ga ƙyaurenmu a kasuwar Cadakori, kwance a kan duro biyu a rumfar wani mai shayi, Jaye. Ba ni da ƙorafi a kan Jaye. Saya ya yi daga hannun Labo, kuma ya ce zai saki in Labo ya zo da kansa ya kafa masa wani teburin. Duk zuwan da na yi shagon Labo, ce mini ake ya tafi ta'aziyya. Ina miƙa tawa ta'aziyyar ta hannunku, don da alama rasuwa ta yi wa danginsa yawa bana.

6. Tun ranar da aka kafa sabuwar ƙofar, mahaifina ya shafa ta, ya janye hannu, ya ce ba ɗakinsa ba ne, kuma shi ba ya shiga ɗakin mutane. Ya koma zaure da butarsa da sandarsa da bargonsa. Zauren yana yoyo, ba a kai ga gyaransa ba, tari kuma ya kama shi. Mun lallashe shi, mun kama hannunsa mun ɗora kan gadonsa, ya ƙi. In na kai masa fura, yana yi mini godiya irin ta baƙo, ya nemi gafarar ɗora mini nauyi, sannan ya tambaye ni yaushe 'yarsa Hafsatu za ta zo ta mai da shi gida. Wallahi wannan ya fi ƙarfina.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ban je wurin jandarma ba, ban kuma zo da maganar kuɗi ba. Ina roƙon ku umarci Labo ya karɓo ƙyauren daga Jaye ya mai da shi mazauninsa kafin ruwa ya zauna, da ƙarafan da na ce tun farko. Kada a kankare shi, kada a yi masa fenti. Shaidar kofunan shayi ma a bar ta, mahaifina ba ganinta zai yi ba. Ƙofar Labo mai zaki tana jiransa, ya zo ya ɗauka, wannan kam na mai aiki ne.

Kullum ina ce wa tsohon nan 'yarsa tana hanya. Ina roƙonku, don Allah, ku taimaka in iso.

Allah ya ƙara girma, ya ba ku ikon yin adalci.

Taku cikin ladabi,
Hafsatu Hamidu