Wanda Ya Sa Pam a Ɗakin Sanyi

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau an karɓe mini littafi. Shekara ashirin da biyu ina helman leburori a wannan kamfani na dankali da kayan lambu a Bukuru, ni ke raba aiki: wane lodi, wane sikeli, wane ɗakin sanyi, wane bin mota. Yau Oga ya kawo wata yarinya, Magadaliya, wai ita ce mai kula da ma'aikata, kuma wai wata manhaja ce a kwamfuta za ta riƙa fitar da jadawalin aiki. Mai ƙirƙirarriyar basira, in ji su. Basirar ma yanzu ƙirƙirarta ake yi.

Ta ce, Baba, a ba ni littattafanka na shekara shida, na'ura za ta koya daga ciki. Na ba ta. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in ta iya karantawa, bismillah.

Oga ya ce a gwada wata guda. In abin ya tafi daidai, ni sai zaman sikeli kawai. Da uban Oga na da rai da ba a yi mini haka ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yanzu kowa fuskarsa yake nuna wa wani gilashi a bakin ƙofa kafin ya shiga. Ni ma. Ni da na ga ranar da aka sa ƙofar.

Litinin, 14 ga Yuli

Jadawalin farko ya fito, an liƙa a bango. Na tsaya na karanta shi tsaf. Na'urar ta sa Pam a ɗakin sanyi kwana biyar a jere. Mutumin da ya haura sittin, ga tarin da yake yi tun bara. Na ce wa yara, kun ga ni ko? Abin da ba shi da uwa ba shi da uba, ina zai san tausayi? Pam ya sa rigar sanyinsa ya shige.

Ba wai damuwa na yi da shi ba. Ni da Pam sai "sannu" "yawwa", shekara goma sha biyar ke nan.

Juma'a, 18 ga Yuli

Alhamdu lillahi, yau na'ura ta nuna halinta. Ta tura motar kabeji cikin gari ƙarfe ɗaya na rana, ranar Juma'a! Yaron goye ma a Jos ya san ana tare hanyar wajen masallaci a wannan lokaci, kamar yadda ake tare ta coci ran Lahadi. Mota ta tsaya awa biyu, mai saye ya gaji ya tafi. Kuma ta sa Musulmi huɗu lodi daidai lokacin salla, ta sa Natana'el aikin safiyar Lahadi, shi da ke buga ganga a cocinsu.

Mu tun zamanin haƙar ma'adinin kuza haka muke yi: ku riƙe mana Juma'a, mu riƙe muku Lahadi. Ba a rubuce yake ba. A littafina suna da wurin aiki kawai nake sawa, musayar da baki muke yi.

Oga ya yi ta faɗa a waya. Na ci tuwo malmala uku.

Asabar, 19 ga Yuli

Matata Hasiya ta ce, Malam, dariyar me kake yi kai kaɗai kamar wanda ya tsinci akuya? Na ce mata ƙarfe ya ji kunya. Ta ce to Allah ya sa kai ma kada ka ji. Matar nan bakinta.

Talata, 22 ga Yuli

Magadaliya ta kira ni ofis. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni, kuma ta bayar. Ta ce, Baba, maganar Juma'a laifina ne, ban tambaye ka ba, na'ura ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Na gyara zama.

Sai ta juyo mini da kwamfutar. Layuka, kowa da sunansa, gajeru gajeru, ɗaya kuma dogo, ja wur. Ta ce na'urar ce da kanta ta ɗaga wannan, wai a duba, mutum ɗaya na shan ɗakin sanyi fiye da kima. Na ce ai na faɗa, ba ta da imani.

Ta ce, a'a Baba, wannan ba jadawalinta ba ne. Naka ne. Na shekara shida. A kwana goma Pam na yin bakwai a ciki, sauran leburori ɗaya ko biyu. Da ta ga haka kake yi, sai ta ɗauka haka aikin yake, ta bi hannunka.

Na ce ƙarya ne, ba ta iya karanta rubutuna ba. Ta miƙo mini littattafan. Ta ce in je in duba, ba gaggawa.

Ko Oga bai taɓa yi mini irin wannan ba. Sa'ar 'yar cikina.

Laraba, 23 ga Yuli

Ban duba ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na duba bayan la'asar. Littafi biyu kawai, sauran ban buɗe ba.

To, ni dai ban taɓa zama na ce bari in cuci Pam ba. Allah shaida. In na zo kan ɗakin sanyi, sunansa ne ke fara zuwa bakin biro, shi ke nan. Ya iya aikin, ba ya gardama. Haka nake gaya wa kaina.

Amma tun da wannan da nake rubutawa ba mai karanta shi sai ni, bari in faɗa. Lokacin da Haladu ya rasu, ɗana na fari, zazzaɓin kwana huɗu, Pam bai zo mini gaisuwa ba. Mutumin da muka ci a kwano ɗaya shekara ashirin, wanda ya ɗauki yaron nan a kafaɗa. Kwana bakwai ina zaune a ƙofar gida a Anguwan Rogo ina duban bakin layi. Da na koma aiki ya tare ni, ya ce, Uzairu, ka san yadda gari yake. Na sani mana. Lokacin rikicin addini ne, shi kuma Kirista, da ya shigo unguwarmu wataƙila da bai fita ba, ni ma da nasa ne ya rasu ban isa in je ba. Na san wannan tun ranar. Sanin bai hana ni komai ba.

Shekara shida na'urar ta gani. Sauran taran ba su shiga kwamfuta ba.

Talata, 29 ga Yuli

Pam bai zo ba, wai ƙirji. Matarsa Lai'atu ta bugo wa Magadaliya, ba ni ba. Dā ni ake gaya wa.

Juma'a, 1 ga Agusta

An yanke magana. Na'ura za ta fitar da jadawali, amma ba a liƙa shi sai na duba. Ina da ikon canja duk abin da na ga dama. Sharaɗi ɗaya: kowane canji sai na faɗi dalili, Magadaliya ta rubuta a ciki, don na'urar ta koya, kuma wanda abin ya shafa yana iya gani a wayarsa.

Na ce wa Oga shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Ya ce, Baba Helma, shi ya sa.

Na karɓa. In ban karɓa ba su ɓata aikin.

Litinin, 4 ga Agusta

Mun zauna da yarinyar tun bakwai na safe. Na canja wuri tara. Motar Juma'a ta fita da hantsi, dalili hanya. Natana'el ban da Lahadi, dalili coci. Kada a haɗa 'yan gida ɗaya a mota ɗaya, dalili in tsautsayi ya faɗa kada gida ya tashi duka. Nan ta ɗago ta dube ni, ta ce wannan ba a koya musu a jami'a ba. Tana da hankali, ba laifi.

Ɗakin sanyi yanzu karɓa-karɓa ne, kowa kwana ɗaya. Pam kuwa, saboda takardar asibiti, na'ura ta kawo shi sikeli. Wurina. Sati guda cur.

Na ce a canja wannan. Ta ɗora yatsu a kan kwamfutar, ta ce, dalili, Baba?

Na yi ta kallon bango.

Na ce bar shi.

Laraba, 6 ga Agusta

Benci ɗaya ne a wajen sikelin, kuma gajere. Tsoho mai ciwon ƙirji ba ya yini a tsaye, aiki ne zai lalace. Na matsa masa.

Har yanzu da yawan surutunsa.